Fontainebleau biyu: na sarakunan Faransa da na 'yan kasuwar Miami

'Yan'uwa na gida, barkanmu da warhaka. Idan aka ce Fontainebleau a gaban Bafaranshe, abin da zai faɗo masa a rai shi ne wani ƙaramin gari mai mutum wajen dubu 15, da tsohuwar fadar sarakunansu, da dajin da ya kewaye ta. Idan aka faɗi sunan a gaban Ba'amurke kuwa, otal zai tuna, wanda ke bakin teku a Miami Beach. Ko wajen furta sunan ma ba su daidaita ba. Bafaranshe yana cewa Fontenbulo, direban tasi a Miami yana cewa Fawuntin Bulu, kuma in ka yi masa irin na Faransawa sai ya sake tambayarka ina ka ce. Tunda masu fitowa daga gida, don karatu ko fatauci ko buɗe ido, sukan tambayi yadda kaya da hidima suke a nan idan aka gwada da can, waɗannan wurare biyu sun isa ma'auni, domin kowanne ya ɗauko halin ƙasarsa gaba ɗaya.

Garin yana kudu maso gabashin Paris, tafiyar kamar kilomita 55 zuwa 60. Asalinsa masaukin farauta ne. Takarda mafi tsufa da ta ambaci wurin ta 1137 ce, zamanin Sarki Luwi na 7, kuma abin da ya riƙa jawo sarakuna can shi ne namun dajin da ke kurmin. Sarki Filib na 4 a nan aka haife shi a 1268, a nan kuma ya mutu a 1314. Amma ginin da ake zuwa kallo yau ya samo asali ne daga 1528, lokacin da Faransuwa na ɗaya ya sa aka rushe yawancin tsohon gidan aka ɗora sabo a kan tushensa. Domin a gane zamanin, wannan bai fi shekara talatin da rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ba, wanda ya gina Gidan Rumfa. Faransuwa ya yi yaƙe-yaƙe a Italiya, ya ga irin adon da ake yi wa gidaje a can, sai ya ɗauko masu zane daga can ya ba su aiki. Rosso ya iso a 1530, Primaticcio a 1532. Aikinsu mafi shahara shi ne doguwar barandar sarki, mai tsawon kamar mita 60, wadda rabin bangonta na ƙasa katakon goro irin na Turai ne da aka sassaƙa, rabin sama kuma zane ne da aka kewaye da siffofin farar ƙasa masu tudu. Ko'ina ka duba za ka ga harafin F da wata halitta mai kama da ƙadangare a cikin wuta, wato tambarin sarkin.

Daga nan duk sarkin da ya hau sai ya ƙara nasa, shi ya sa gidan ba shi da tsari ɗaya kamar fadar Versailles. Tsakar gida ce bayan tsakar gida, wannan ta karkace, waccan ta miƙe, ɗakuna sun haura 1,500, fili da lambuna hekta 130. Hanri na 4 ya haƙa doguwar magudanar ruwa mai tsawon mita 1,200 a cikin lambun. Ɗansa Luwi na 13, wanda aka haifa a gidan a 1601, shi ya sa aka gina matakalar nan mai siffar ƙarfen kofaton doki tsakanin 1632 da 1634, wadda kowa ke tsayawa a gabanta ya ɗauki hoto. A nan ne Luwi na 14 ya sa hannu a watan Oktoban 1685 kan dokar da ta soke 'yancin ibadar Kiristocin Furotesta, abin da ya sa dubban ɗaruruwa suka yi hijira zuwa Holan da Ingila da ƙasashen Jamus, da yawansu masaƙa da masu sana'ar hannu, Faransa ta yi asarar gwaninta mai yawa. Lokacin juyin juya halin Faransa ginin ya tsira, amma an yi gwanjon kayan cikinsa.

Wanda ya sake shimfiɗa gidan shi ne Napoliyon. A 1804 ya sa aka cika shi da kaya cikin gaggawa domin saukar Fafaroma Piyus na 7, wanda ya zo bikin naɗinsa. Shekara takwas bayan haka ya mayar da baƙon nan fursuna a cikin gidan, daga tsakiyar 1812 zuwa farkon 1814. Duniya rawar 'yan mata. A watan Afrilun 1814 shi ma a gidan aka tilasta masa yin murabus, ranar 20 ga watan ya sauko ta matakalar kofaton doki ya yi bankwana da dakarunsa, aka wuce da shi tsibirin Elba. Ɗan teburin da ya yi murabus a kansa yana nan, ƙarami ne mai ƙafa ɗaya, wanda ba a faɗa maka ba sai ka wuce shi. Ɗakin gadon sarautarsa ma yana nan da kayansa na asali.

Akwai sashe ɗaya da ya kamata ɗan Afirka ya tsaya a kansa. A 1863 Sarauniya Ujeni, matar Napoliyon na 3, ta buɗe ɗakin ajiyar kayan ƙasar Sin a cikin fadar. Wani ɓangare na kayan kyauta ce da jakadun Siyam, wato Tailan ta yanzu, suka kawo a 1861. Amma mafi yawansu ganima ce da sojojin Faransa suka kwaso lokacin da su da na Birtaniya suka wawashe fadar bazara ta sarkin Sin a 1860. Wanda ya san labarin kayan tagullar Benin da aka kwashe a 1897 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A ranar 1 ga Maris na 2015 ɓarayi suka shiga wannan ɗaki da asuba, cikin kamar minti bakwai suka fice da kaya wajen 15.

A ƙarni na 20 garin ya koma wurin taro da karatu. A nan aka kafa ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN a 1948, da makarantar koyon kasuwanci ta INSEAD a 1957. Rundunar ƙawance ta NATO ta yi hedikwatarta ta tsakiyar Turai a garin har zuwa 1967, bayan da Janar de Gaulle ya ce su kwashe komatsansu. Hukumar UNESCO ta sa fadar cikin kayan tarihin duniya a 1981. Babu sarkin da ke zaune a ciki yanzu, gidan gwamnati ne na kallo, saɓanin fadojinmu na Kano ko Damagaram da har gobe ake zaman fada a cikinsu. Wannan shi ne dalilin da ya sa talaka da kuɗin abincin rana ɗaya zai iya shiga har ɗakin kwanan sarki.

Ga yadda ake zuwa. Daga tashar Gare de Lyon a Paris ake hawa jirgin ƙasa na layin R, mai zuwa Montargis ko Montereau, a sauka a tashar Fontainebleau-Avon. Tafiyar kamar minti 40 ce. A duba allon tashar a tabbata sunan Fontainebleau-Avon yana cikin jerin wuraren tsayawa, domin layin yana rabuwa a garin Melun, akwai reshen da ke bin ɗaya gaɓar kogin Seine ba ya ratsa Fontainebleau. Tun daga Janairun 2025 aka mayar da tikitin jirgi a duk yankin Paris farashi ɗaya, aka fara da Yuro 2.50, in ban da na filayen jirgin sama. Da kuɗin sefa, wanda ke ɗaure da Yuro a kan 655.957, bai wuce 1,640 ba. Ana zuba tikitin a kan katin Navigo, wato katin sufurin yankin Paris, ko a waya, kuma dole a taɓa shi a jikin na'ura kafin a hau. Kuskuren da baƙi suka fi yi wajen dawowa ake yin sa: ganin ba wanda ya tare ka a ƙaramar tasha, sai ka shige ba ka taɓa katin ba. Masu bincike suna shiga jirgi a hanya, tikitin da ba a taɓa ba kamar babu shi ne a wurinsu, tarar kuma ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa. Cewa kai baƙo ne ba ya fid da kai.

Tashar tana garin Avon ne, tsakaninta da ƙofar fadar kusan kilomita uku. Akwai bas a bakin tashar, tikitinta daban da na jirgi, tana kaiwa cikin kamar kwata. Mai ƙafa zai iya ratsawa ta lambun fadar cikin minti 35 zuwa 40. Lambunan kyauta ne. Shiga cikin gidan a 2024 Yuro 14 ne, wato sefa dubu tara da 'yan kai, yaran da ba su kai 18 ba ba sa biya. Ana buɗewa da ƙarfe 9:30 na safe, a rufe ƙarfe 5 na yamma daga Oktoba zuwa Maris, ƙarfe 6 daga Afrilu zuwa Satumba, kuma ana daina shigar da mutane tun kafin lokacin tashi. Ranar Talata a rufe yake, haka 1 ga Janairu, 1 ga Mayu da 25 ga Disamba. Mutane da yawa sun sha zuwa ranar Talata sun koma da hoton ƙofa.

A nan ne halin hidimar Faransa yake fitowa fili: farashin da aka rubuta shi za ka biya, amma lokaci nasu ne, kai za ka bi. A gidan abinci haraji da ladan mai kawo abinci duk suna cikin kuɗin da ke kan takarda. In an rubuta 18, to 18 ɗin ce. Wanda ya ji daɗi ya bar Yuro ɗaya ko biyu, wanda bai bari ba ba mai harararsa. Ruwan famfo a tulun gilashi kyauta ne ga mai cin abinci, sai dai in ka ce ruwa kawai ba ka ce na tulu ba, na kwalba za a kawo maka a sa a lissafi. Amma abincin rana daga 12 ne zuwa 2 ko 2:30, bayan nan an kashe wuta sai ƙarfe 7 na dare. Ka zo ƙarfe 3 da yunwarka da kuɗinka, sai dai ka nemi gidan burodi ko mai kebab. Ƙananan shaguna da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin. Kasuwar garin tana ci da safiyar Talata, Juma'a da Lahadi, kafin azahar an watse. Sannan duk shagon da ka shiga ka fara da gaisuwa, ka ce bonjur. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe wahala ba, amma sau da yawa shi ne bambancin a sakar maka fuska ko a ɗaure.

Abin taɓawa na garin shi ne wani haɗin farin cuku mai laushi da kirim da aka buga, wanda shi ma sunansa Fontainebleau. A cikin ɗan ƙyalle mai shara-shara ake naɗo shi, ɗanɗanonsa tsakanin kindirmo da man shanu sabon kaɗi, ba ya jure ajiya, a ranar ake shanye shi, don haka ba ya tsaraba. Mai kiyaye halal ya haddace kalmomi uku da zai guje wa a takardar abinci: porc, jambon da lardons. Na ƙarshen shi ne mai yaudara, ƙananan gutsattsarin naman alade ne da ake barbaɗawa a salak da wainar ƙwai ba tare da an ɗauke shi nama ba.

Otal-otal na garin ƙanana ne, tsofaffin gidaje ne masu ɗakuna goma-goma, wasu suna kallon ƙofar fadar kai tsaye. Taurarin da ke jikin allonsu ba mai otal ne ya ba kansa ba, hukumar Atout France ce ke bayarwa bayan an zo an auna ɗakuna an duba hidima, kuma duk shekara biyar ake sabuntawa. Saboda haka tauraro huɗu a Faransa yana da ma'ana tsayayya, ko da yake ba ya nufin ɗakin zai yi faɗi. Wanda ya saba da ɗakunan otal na Abuja zai ga na nan kamar akurki. Abin da ake ƙarawa a kan farashi shi ne ɗan harajin kwana, 'yan Yuro a kan kowane babba a kowane dare, da kuɗin karin kumallo in ba a haɗa ba. Ba kowane tsohon gini ke da na'urar sanyaya ɗaki ba, mai zuwa a Yuli ko Agusta ya tambaya tun kafin ya biya.

Dajin kuwa ya kai hekta dubu 20 da ɗoriya, shiga kyauta. Ƙasarsa farin rairayi ne mai tsabta da ake yin gilashi da shi, cike da manyan duwatsu da masu wasan hawan dutse ke zuwa dominsu daga ƙasashe da yawa. Hanyoyin ƙafa masu alamar shuɗin fenti tun ƙarni na 19 aka shata su. An hana kunna wuta. Wanda ya shiga ciyawa ya duba jikinsa da yamma saboda kaska, domin ta can tana ɗauke da cutar da ake kira Lyme.

Yanzu mu tsallaka teku. A 1952 wani mai harkar otal ɗan asalin New York, Ben Novack, ya sayi gidan attajirin nan mai kamfanin taya, Firestone, a kan titin Collins da ke Miami Beach, a kan dala miliyan 2.3, ya rushe shi. Sunan Fontainebleau ya ɗauko shi ne saboda daɗin amonsa da ƙamshin sarautar da ke tattare da shi, ginin kansa ko kusa bai yi kama da fadar ba. Wanda ya zana shi, Morris Lapidus, ya yi shekaru yana tsara shagunan sayar da kaya kafin ya koma otal, kuma wannan ya bayyana a aikinsa. Ya san yadda ake jan mutum ciki a sa shi ya ji shi wani ne har ya zaro kuɗi. Ya yi ginin a lanƙwashe kamar lauje yana fuskantar teku, ya shimfiɗa farin dutsen marmara da baƙaƙen zane masu siffar ɗaurin wuyan da yake sawa. Ya kuma yi wata matakala da ake yi wa laƙabi da matakalar da ba ta kai ko'ina. Ɗan ɗakin ajiye riguna ne kawai a samanta. Mata sukan hau ta lif su ajiye mayafin sanyi, sannan su sauko ta matakalar a hankali, duk wanda ke zauren ya ga adonsu. An buɗe otal ɗin a Disambar 1954 da ɗakuna 500 da 'yan kai. Masana gine-gine na lokacin sun yi masa ba'a sun ce ƙyale-ƙyale ne, masu kuɗi kuwa suka yi ta tururuwa.

Labarin da ɗaliban shari'a a Amurka suka fi sanin otal ɗin da shi na faɗan maƙwabta ne. Tsohon abokin kasuwancin Novack, Harry Mufson, ya sayi filin da ke arewa da shi, ya ɗauki Lapidus ɗin nan dai ya gina masa otal ɗin Eden Roc. Novack ya ƙullace shi. Sai ya tayar da ƙarin gini mai hawa 14 dab da iyakarsu, ya juya wa maƙwabcin bango kusan ba taga, yadda a lokacin hunturu, wanda shi ne kakar baƙi, daga ƙarfe 2 na rana inuwa za ta rufe wurin ninƙayar Eden Roc. Mu da muke neman inuwa da kuɗi abin zai ba mu dariya, amma a can rana ita ce hajar da ake sayarwa. Aka je kotu, kotun farko ta dakatar da aikin, sai kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Florida ta yanke a 1959 cewa babu dokar da ta ba mutum haƙƙin hasken rana da iskar da ke ratsowa ta filin maƙwabcinsa, ko da ƙeta ce ta sa aka yi ginin. Da a gaban alƙalinmu ne, da batun cutar da maƙwabci ya shigo tun a zaman farko. Eden Roc sai haƙuri suka yi, daga baya suka gina wani wurin ninƙayar inda rana ke kaiwa.

Wani abin da ba a cika sa shi a takardun talla ba shi ne, a shekarun da aka buɗe waɗannan otal-otal, wariyar launin fata tana da ƙarfi a Miami Beach. Mawaƙa baƙar fata sukan yi wasa a manyan zaurukan bakin teku, in an tashi su tsallaka gada su je unguwar Overtown su kwana. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ce ta haramta wannan a duk ƙasar, shekarar da Muhammad Ali ya doke Sonny Liston a garin.

Kasuwa ta juya wa Novack baya, ya karye a 1977. Stephen Muss ya sayi otal ɗin a 1978 ya ba kamfanin Hilton ya gudanar. A 2005 kamfanin Turnberry na iyalan Soffer ya saya, aka yi masa gyaran da aka ce ya ci dala biliyan ɗaya, aka sake buɗewa a Nuwambar 2008 da ɗakuna 1,504 a gine-gine huɗu. Ka ga adadin ɗakunan ya zo kusan ɗaya da na fadar. Sunan ya ƙara haihuwa a Las Vegas, inda aka fara wani ginin a 2007, kuɗi suka ƙare a 2009, ya yi shekaru a tsaye ba kowa, sai Disambar 2023 aka buɗe shi da hawa 67 da ɗakuna 3,644.

Hidimar Miami kishiyar ta Faransa ce: lokaci naka ne, ƙarfe 3 na dare ka nemi abinci za a kawo, ma'aikaci yana murmushi yana kiran sunanka, amma farashin da ka fara gani mafarin ciniki ne. Wannan ba halin otal ɗaya ba ne, tsarin manyan otal-otal na garin ne baki ɗaya, kuma ga yadda lissafin ke hawa. Da farko akwai kuɗin ɗaki. A kansa akwai wani kuɗin dole na kowane dare da za ka gani a rasit da sunan resort fee, wai na intanet da kujerar bakin teku da wurin motsa jiki, ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba. Tun watan Mayun 2025 dokar tarayya ta tilasta a haɗa shi cikin farashin da ake tallatawa, amma haraji ba ya ciki. Harajin ɗaki a Miami Beach kashi 14 cikin ɗari ne idan aka tara na jiha da na gunduma da na gari. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: ɗaki dala 400, kuɗin dole dala 50, sun zama 450, haraji 63, jimla 513 a dare ɗaya. Kwana uku 1,539, alhali wanda ya riƙe 400 a kansa ya tanadi 1,200. Mai mota yana da ƙarin kuɗin ajiye ta kowane dare.

A wurin abinci haraji kashi 9 ne, sannan tukwici kashi 18 zuwa 20. A can tukwici ba kyauta ba ce, doka ta yarda a biya mai kawo abinci ƙasa da mafi ƙarancin albashi bisa cewa tukwici zai cike, don haka hana shi kamar cin guminsa ne. Abincin dala 100 zai tashi 127 zuwa 129. Inda ake faɗawa rami shi ne, gidajen abinci da yawa a Miami Beach suna sa tukwicin a rasit da kansu saboda baƙin ƙasashen waje, sannan su bar wani layin a ƙasa babu komai. Wanda bai karanta ba sai ya sake rubuta kashi 20, ya biya sau biyu. A nemi kalmar gratuity ko service charge a rasit kafin a sa hannu. Mai ɗaukar jaka ana ba shi dala ɗaya ko biyu a kan kowace jaka, mai gyaran ɗaki dala 2 zuwa 5 a kullum, a ajiye a kan tebur kowace safiya domin ba lallai mutum ɗaya ne zai zo gobe ba.

Sai batun kati. Ranar shiga ana riƙe wani adadi a katinka na kowane dare a matsayin jingina. In katin bashi ne ba ka ji a jikinka. In katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusunka ne, irin wanda yawancinmu ke riƙewa, kuɗin sun ɗaure ke nan, kuma bayan ka fita bankin gida yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya sake su. Mutum yana da kuɗi a asusu amma kati ya ƙi biyan tasi. Maganinsa kati biyu, ɗaya na jingina, ɗaya na kashewa. Firjin ɗaki a irin waɗannan otal-otal sau da yawa yana da na'urar da ke jin an ɗaga kwalba, kana ɗagawa don ka sa furarka ko maganinka ya shiga lissafi. Manyan otal-otal da dama kuma ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba ɗaki shi kaɗai. Taurari a Amurka ba gwamnati ke bayarwa ba, kamfanoni masu zaman kansu ne da shafukan sayar da ɗaki, kowa da ma'auninsa.

Abin da ke kyauta a Miami Beach shi ne rairayin bakin tekun, na jama'a ne, akwai hanyoyin shiga tsakanin otal-otal, wanda ya zo da tabarmarsa ba mai korarsa. Akwai kuma ƙananan motocin gari masu kama da tarago da ke bin titin Collins ba a biyan ko kwabo. Farashin ɗaki yana tashi daga Disamba zuwa Afrilu, ya faɗi a bazara, amma arahar tana da dalili: zafi da gumi, kakar guguwar teku daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, da ciyawar ruwa mai launin ƙasa da kan taru a gaɓa tana wari. Mai iyali ya sani kuma cewa babban otal irin wannan gari ne guda, da gidan rawa na dare da mashaya a bakin ruwa, shigar mutane ta bakin teku ce har cikin zaure. Wanda ke son natsuwa ya nemi ɗaki a ginin da ke nesa da wurin kiɗa.

Ƙananan abubuwan da ke ba mutanenmu wahala a wuraren biyu kusan ɗaya ne. Babu buta a banɗaki, a sa ƙarama a jaka ko a yi da gorar ruwa. Alƙibla daga yankin Paris kudu maso gabas take, daga Miami kuwa arewa maso gabas, abin da ke rikita wanda ya saba fuskantar gabas. A watan Yuni magariba a Fontainebleau tana kaiwa kusan ƙarfe 10 na dare. Wutar Faransa bolt 230 ce, soket mai ramuka biyu zagayayyu, kayan Nijar suna shiga, filogin Najeriya mai ƙafa uku yana buƙatar adafta. Ta Amurka bolt 120 ce da ramuka masu faɗi. Cajar waya da ta kwamfuta suna karɓar duka biyun in an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu, amma dutsen guga ko tukunyar dafa shayi ta gida da ƙyar za ta yi ɗumi a Miami, kayan da aka sayo a Amurka kuma in aka jona su a wutar Kano ko ta Maraɗi ba tare da taransifoma ba, nan take suke ƙonewa. Masu sayo wa iyali injin markaɗe ko na busar da gashi a matsayin tsaraba su juya shi su karanta lambar da ke gindinsa tun a shago.